Cinikin biri a sama: ga ɗalibin da babin ɓoyayyen sani ya sha wa kai

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Jos, ina digiri na biyu a fannin tattalin arziki. Har na gama digirin farko ban taɓa jin tsoron maikro ba, wato darasin yadda mai saye da mai sayarwa ke yanke shawara a kasuwa. Amma wannan zangon da muka shiga babin ɓoyayyen sani da yadda ake tsara yarjejeniya don mutum ya yi abin da ake so, sai na ji kamar an sauya mini fanni. Allo cike da alamomi, sharaɗi a kan sharaɗi, in na koma gida na buɗe littafi sai barci. Mahaifina dillalin kayan gwari ne a kasuwar Farin Gada. Rannan ya tambaye ni me ake koya mana, na rasa abin da zan ce masa. Don Allah mene ne ainihin abin da babin nan yake son faɗa, ta ina zan kama shi, kuma yana da amfani a ƙasar nan ko kuwa na cin jarrabawa ne kawai?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta saƙonka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tambayar Baba. Mutumin da ya yi shekaru yana tsayawa tsakanin manomi da mai saye ya riga ka sanin wannan babi, sai dai bai taɓa rubuta shi da alamomi ba. In na fahimce ka, kana neman ma'anar babin, da hanyar karanta shi, da ko zai yi maka rana bayan jarrabawa. Zan fi daɗewa a kan ma'anar. Na lura a aji cewa wanda ya gane abin da ake faɗa, lissafin ba ya cika wahalar da shi, wanda kuwa ya haddace lissafin kawai, da an sauya masa lamba ɗaya sai ya ruɗe.

Abin da aka cire daga tsohon maikro

Maikron da ka saba da shi ya ginu ne a kan wani zato da ba a cika faɗarsa da ƙarfi ba, wato mai saye da mai sayarwa duk sun san abin da ke cikin kwando. Tumatir tumatir ne, ma'aikaci ma'aikaci ne, farashi kaɗai ke magana. Sabon babin nan wannan zaton ya cire. Ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Manomi ya san abin da ya jera a ƙasan kwando, mai saye saman kawai yake gani. Direba ya san nawa ya samu yau, mai mota sai abin da aka gaya masa. Da an cire zaton, abubuwa da yawa da ka haddace sai su fara rushewa, har da babbansu, cewa kasuwa in an bar ta za ta kai kowane kaya hannun wanda ya fi daraja shi.

Ɓoyon iri biyu ne, kuma rabin ruɗanin ɗalibai daga cakuɗa su yake tasowa. Akwai abin da ke ɓoye tun kafin a ƙulla ciniki: lafiyar mota, ƙwazon mai neman aiki, ciwon da mai sayen inshora ya san yana ɗauke da shi. Matsalar da wannan ke haifarwa ni a aji nakan kira ta zaɓen tumun dare, domin ka miƙa hannu ne cikin duhu, kuma sau da yawa mafi munin ne ke fara faɗo maka. Akwai kuma abin da ke ɓoye bayan an ƙulla: ko yaron shago yana buɗewa da wuri, ko wanda ya karɓi bashin noma gonar ya kai kuɗin ko biki. Wannan shi ne aikin bayan ido. Duk tambayar da aka ba ka, kafin ka taɓa biro, ka fara tantance wanne ne cikin biyun.

Matsalar kanta tsohuwa ce. Ka san hadisin da ke cikin Sahih Muslim, inda Manzon Allah (SAW) ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya sa hannu ciki ya ji danshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya ce masa me ya hana ka ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Abin da masana tattalin arziki suka ƙara shi ne lissafin ɓarnar da algus ɗin ke yi wa kasuwa gaba ɗaya, har da masu gaskiyar cikinta.

Motar hannu

A 1970 George Akerlof ya wallafa wata gajeriyar maƙala kan kasuwar tsofaffin motoci. Mujallu uku suka ƙi karɓarta kafin ta huɗu ta buga. Ita ce ta kai shi ga kyautar Nobel ta 2001 tare da Michael Spence da Joseph Stiglitz. Bari in ba ka ita da alƙaluman da na ƙirƙira don misali.

A ce motocin hannu da ake sayarwa rabi lafiyayyu ne, rabi kuwa an yi musu fenti ne kawai. Mai lafiyayya ba zai sallama ƙasa da naira miliyan 8 ba, mai saye kuma da ya tabbata da lafiyarta zai iya biyan miliyan 10. Mai gajiyayya zai sallama a miliyan 3, mai saye zai biya 4. Da ana gani da ido, duka biyun za a sayar, kowa ya ci riba. To amma mai saye ba ya iya bambancewa, don haka zai yi tayi a tsakiya: rabin 10 da rabin 4, miliyan 7. Mai lafiyayyar mota ya ji 7, ya ce albarka, ya mayar da motarsa gida. Mai saye ba wawa ba ne, ya san duk wanda ya yarda da 7 gajiyayya ce a hannunsa, sai ya sauko zuwa 4. Kasuwar motoci masu kyau ta mutu ke nan, alhali akwai mai son sayarwa, akwai mai son saye, kuma akwai ribar miliyan 2 a tsakaninsu da ba wanda ya ci.

Ka gwada da kanka: sai lafiyayyun sun kai kashi biyu cikin uku kafin matsakaicin tayi ya kai miliyan 8, kasuwar ta tsaya da ƙafarta. Wannan ɗan lissafin shi ne asalin hujjar masu cewa a wajabta inshorar lafiya. In an bar shiga ga mai so, marasa lafiya ne za su fi shiga, kuɗin ya hau, masu lafiya su fice, kuɗin ya ƙara hawa. Dokar 2022 da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta mai da inshorar lafiya wajibi a Najeriya, ko da yake rubuta doka daban, aiwatarwa daban.

Mafita biyu aka fi karantarwa. Ta farko, mai sanin shi zai motsa ya nuna alama. Mai lafiyayyar mota ya ce maka kai ta wurin bakanikenka, in ta ba ka matsala cikin wata guda ka dawo mini da ita. Maganar tana da nauyi ne saboda mai gajiyayya ba zai iya faɗarta ba tare da ya yi asara ba. Spence ya nuna a 1973 cewa takardar makaranta tana iya yin wannan aikin ko da karatun bai ƙara wa mutum komai ba, muddin samunta ya fi sauƙi ga mai ƙwazo. Ka riƙe sharaɗin nan da kyau. Ranar da takarda ta zama kowa na iya samu ba wahala, ta daina faɗin komai, shi ya sa aikin da a da ake ɗauka da difloma yanzu ake ce maka sai digiri na biyu. Kada ka ji haushi, ban ce da kai nake ba.

Ta biyu, marar sanin shi zai motsa. Ya shimfiɗa zaɓi iri-iri, ya bar kowa ya tona kansa da abin da ya ɗauka. Wannan tankaɗe da rairaya ne, kuma a nan ne allo yake cika da alamomin da suka sa ka barci.

Kwangilar dankali, da hannu

A ce wata hajiya mai gidan abinci a Abuja tana son ƙulla kwangila da manomin dankali daga Bokkos. Manoma iri biyu ne. Wani buhu yana tsaya masa a naira 20,000 saboda gonarsa na kusa da ruwa, wani kuma 30,000. Da Hajiya ta san wanda ke gabanta, a ce za ta karɓi buhu 100 daga mai sauƙin noma ta biya shi 2,000,000, ko buhu 60 daga mai tsadar noma ta biya shi 1,800,000. Kowa an biya shi daidai abin da ya kashe, har da ladan wahalarsa. Kullum da wannan ake farawa, wato yadda abin zai kasance in ba ɓoyo.

Yanzu ba ta sani ba. Ta ajiye takardu biyun ta ce kowa ya zaɓa. Mai sauƙin noma zai yi lissafi a ransa: in na ce ni mai tsada ne, zan kawo buhu 60 da suka tsaya mini a 1,200,000, a ba ni 1,800,000, na tashi da 600,000. In na faɗi gaskiya ban tashi da komai ba. Me kake tsammani zai ce? Don haka in Hajiya tana son ya ɗauki kwangilar buhu 100, dole ta biya shi 2,600,000. Wannan ƙarin 600,000 ba ladan noma ba ne, ladan sirrin da yake riƙe da shi ne. Shi kuwa mai tsadar noma ba zai yi sha'awar kwaikwayon ɗan'uwansa ba, domin buhu 100 za su ci masa 3,000,000 a ba shi 2,600,000.

Sharuɗɗan da kake gani jere a allo su ke nan. Akwai sharaɗin shiga, cewa kowa ya samu aƙalla abin da zai samu in ya ƙi kwangilar. Akwai sharaɗin hana kwaikwayo, cewa kowa ya fi son takardar da aka tsara dominsa a kan ta ɗayan. Mutum biyu, sharaɗi bibbiyu, huɗu ke nan, amma biyu ne kawai suke cizo, wato su ne ke takura wa Hajiya: sharaɗin shiga na mai tsada, da sharaɗin hana kwaikwayo na mai sauƙi. Sauran biyun suna cika da kansu, sai dai ka duba a ƙarshe ka tabbatar.

Ga inda daɗin yake. Ladan sirrin daga ina ya fito? Bambancin 10,000 ne sau yawan buhunan da aka ba mai tsada. To Hajiya tana da dabara. In ta rage kwangilar mai tsada daga buhu 60 zuwa 40, ladan sirrin ya sauko daga 600,000 zuwa 400,000. Ta rasa ribar buhu 20 in mai tsada ne ya zo, ta tsira da 200,000 in mai sauƙi ne. Za ta ci gaba da ragewa har inda asarar da tsirar suka yi kunnen doki. In manoman rabi da rabi ne, za ta riƙa lissafi kamar buhun mai tsada 40,000 yake tsaya masa, wato 30,000 ɗinsa da 10,000 na ladan da kowane buhunsa ke jawo mata a ɗaya ɓangaren. In masu sauƙi su ne uku cikin huɗu, lambar ta koma 60,000, wataƙila ma ta daina sayen dankalin mai tsada kwata-kwata. Mai sauƙi kuwa ba a taɓa buhunansa 100, tunda ba mai son kwaikwayonsa.

Ka lura da wanda aka matse: mai tsadar noma, wanda bai yi wa kowa ƙarya ba. An rage masa kwangila ne don a rage kwaɗayin wani. Wannan siffar za ka sake haɗuwa da ita a wurare da yawa da sabbin kaya a jikinta. Ita ce a aikin Rothschild da Stiglitz na 1976, inda mai ƙarancin haɗari yake karɓar inshorar da ba ta cika ba don ya bambanta da mai yawan haɗari. Ita ce a aikin James Mirrlees na 1971 kan harajin kuɗin shiga, inda gwamnati ke ganin abin da ka samu amma ba ta ganin iyakar abin da za ka iya. Sa'ad da malaminku ya koma nau'o'i marasa iyaka ya fara kalkulas, wannan labarin ne dai, an mai da manoma biyu sun zama dubbai.

Keken da na saya

Aikin bayan ido kuwa da aljihuna na koye shi. Shekarun baya na sayi keke Napep na ba wani yaro a unguwarmu. Tsarin farko, ya kawo duk abin da ya samu, ni in biya shi a wata. Makon farko lafiya lau. Daga nan kuɗin ya fara ƙanƙancewa, kullum da dalili: an yi ruwa, fasinja ba su fito ba, taya ta yi faci. Wasu dalilan gaskiya ne, ka san damunar Jos. Matsalata ita ce ba ni da hanyar raba rashin sa'a da zama a inuwa. Ainihin babin ke nan: sakamako kake gani, kuma sakamakon haɗin ƙoƙari ne da sa'a.

Na koma tsarin balas, ya kawo adadi kaza kowace yamma, abin da ya yi saura nasa. Kuɗi ya daidaita nan take, yaro ya riƙa fita tun asuba. Amma abu biyu suka biyo baya. Na farko, duk haɗarin ya koma kansa. Ranar da ya kwanta zazzaɓi ko aka sa dokar hana fita, bashi yake kwana da shi, shi da ba shi da ajiyar ko kwana uku, ni kuwa mai albashi na fi shi iya jure ranar da ba ciniki. Littafinku zai ce maka akwai ja-in-ja tsakanin zaburarwa da kariya daga haɗari: duk yadda ka ƙara ɗaure samun mutum da sakamako, ka ƙara ɗora masa nauyin sa'a. Stiglitz ya yi amfani da wannan a 1974 ya bayyana abin da ya sa noman raba amfani tsakanin mai gona da manomi ya daɗe a duniya, duk da masana na da suna ganinsa tsari ne na ɓarna. Tsaka-tsaki ne tsakanin haya da ƙwadago.

Na biyu na gan shi ne a garejin bakanike. Ya kwance ƙasan injin, baƙin man ya fito da kauri kamar kwalta, ya ɗago kai ya tambaye ni yaushe rabon da a yi juye. Kujerar baya ta lotsa saboda buhunan kabeji da ake lafta mata. Yaron bai cuce ni da ko sisi a balas ba. Na biya shi ne a kan abu ɗaya da nake iya ƙirgawa, shi kuma ya kwashe ƙarfinsa daga abin da ba na ƙirgawa. Holmström da Milgrom sun rubuta wannan a 1991, amma duk manomin da ya taɓa ba da jinga ya san shi. Ɗan ƙwadagon yini yana jan ƙafa, ɗan jinga kuwa yana gamawa kafin azahar, sai bayan kwana huɗu ka ga ciyawar da ya tura wa ƙasa ta ɗago kai. Ka tuna da wannan duk ranar da ka ji ana cewa a biya malamai gwargwadon yawan ɗaliban da suka ci jarrabawa.

A ƙarshe muka yi tsarin biya kaɗan-kaɗan har keken ya zama nasa. Wata biyu da farawa na wuce ƙofar gidansu da safe na same shi a tsugune yana wanke tayoyi da soso, ya sa wa kujera leda. Oliver Hart, wanda ya raba Nobel ta 2016 da Bengt Holmström, a kan wannan ya yi suna: abin da ba a iya rubutawa a yarjejeniya, mallaka ce take yanke hukuncinsa. Wani abu kuma da na koya daga baya, wanda Holmström ya tabbatar tun 1979, shi ne duk wata alama da ke ƙara haske kan ƙoƙarin mutum ya dace ta shiga yarjejeniya. Da tun farko ina tambayar abin da sauran masu keke a layinsa suka samu a ranar ruwa, da na rage zarginsa a inda ba shi da laifi.

Gwanjo da tayi

Ƙarshen zangon za a juya tambayar. Maimakon a ba ka kasuwa a ce ka faɗi abin da zai faru, za a ce kai ka tsara ƙa'idar. Hurwicz da Maskin da Myerson sun samu Nobel ta 2007 a kan wannan. Misali mafi sauƙi na William Vickrey ne, 1961: kowa ya rubuta tayinsa a ɓoye, wanda ya fi yawa ya ɗauka, amma ya biya tayin na biyu. In sa ya kai 500,000 a wurinka, rubuta 400,000 ba ya rage abin da za ka biya, tunda tayin wani ne ke yanke farashin, sai dai ya sa ka rasa san. Gaskiya ta zama ita ce wayo. Akwai ƙa'idar da za a koya muku mai cewa duk sakamakon da wani tsari zai iya kaiwa, akwai tsarin da kowa ke faɗin gaskiya a cikinsa da zai kai wurin. Ɗalibai kan ɗauka ana nufin mutane masu gaskiya ne. A'a, dabarar taƙaita bincike ce, don kada ka yi ta laluben tsare-tsare marasa iyaka.

Ka tambayi amfani a ƙasar nan. A Janairun 2001 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a Abuja, farashi ya tsaya a dala miliyan 285 kowane lasisi, MTN da Econet suna cikin waɗanda suka ci. Gwamnati ba ta san darajar lasisin a wurin kamfanonin ba, su suka sani, kuma da tambayarsu aka yi da ba wanda zai faɗa. Gwanjon ne ya fito da lambar. Akwai kuma sakamakon Myerson da Satterthwaite na 1983 da Baba zai gane nan take: in mai saye da mai sayarwa kowa ya ɓoye iyakarsa, ba wata ƙa'idar da za ta tabbatar da cewa duk cinikin da ke da riba ya faɗa, sai in wani na waje zai cika giɓi daga aljihunsa. Mai saye ya juya yana jira a kira shi, mai kaya ya yi shiru yana jira ya dawo, tumatir ya kwana.

Inda lissafin ya gaza

Ba zan ɓoye maka ba, samfuran nan suna ɗauka cewa mutum aljihunsa kawai ya sani, kuma Hajiya ta san daidai kason manoma masu sauƙi da masu tsada. Duka biyun ba su cika faruwa ba. Akwai amana, akwai kunya, akwai tsoron Allah, akwai kuma gobe, domin ciniki a littafi sau ɗaya ake yi, a Farin Gada kuwa fuskokin jiya ne na yau. Sana'ar Baba kanta maganin ɓoyayyen sani ce. La'adar da yake karɓa kuɗin idonsa ne da sunansa, kuma ranar da ya lamunci ruɓaɓɓen kwando ya san abin da ya jefa cikin haɗari. Abner Cohen ya rubuta irin wannan kan Hausawan Sabo a Ibadan a 1969, yadda masu gida da dillalai ke tsaya wa cinikin shanu bashi tsakanin baƙin da ba su san juna ba.

Christopher Udry ma ya yi bincike a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya a 1988 zuwa 1989, ya tarar ana ba da bashi galibi ba takarda ba jingina, tsakanin mutanen da suka san halin juna, kuma abin da ake biya yana sauyawa gwargwadon abin da ya sami mai bashin ko mai karɓa. A ƙauye sirri kaɗan ne, don haka yarjejeniyar da banki ba zai iya yi ba tana yiwuwa. Banki kuwa, kamar yadda Stiglitz da Weiss suka nuna a 1981, in ya ƙara kuɗin ruwa masu taka-tsantsan ne ke fara gudu, shi ya sa yakan gwammace ya hana bashi. Ko bankunan Musulunci a duniya sun fi yin murabaha (banki ya sayi kaya ya sayar maka da sananniyar riba) a kan mudaraba (ya ba ka jari ku raba riba), domin raba riba yana buƙatar ka yarda da littafin wani. In kana neman batun kundin digiri, wannan filin a buɗe yake.

Ta ina za ka kama

Ban ga takardunka ba, don haka ba zan iya cewa ga takamaiman inda kake tuntuɓe ba. Amma yawancin waɗanda suka zo ofishina da wannan kuka, ciwon a lissafin yiwuwa yake. Ka ba shi mako guda: matsakaicin abin da ake tsammani, ƙa'idar Bayes ta gyara zato bayan samun sabon labari, da dalilin da ya sa mai tsoron haɗari yake gwammace tabbataccen dubu tara a kan cacar da matsakaicinta dubu goma ne. Sannan ka sake bitar neman mafi kyau a ƙarƙashin sharaɗi, hanyar Lagrange, musamman yadda ake gane sharaɗin da ke cizo.

In ka zauna da tambaya, ka ja layi ka jera abin da ke faruwa bi da bi: wa ya fara sanin me, wa ya ba da tayi, wa ya amsa, yaushe sa'a ta shigo, yaushe aka biya. Ka warware ta kamar ba ɓoyo. Sai ka tambayi kanka wa zai so ya yi ƙarya a wannan warwarar, kuma wa zai kwaikwaya. Amsar ita ke nuna maka sharaɗin da zai ciza. Kada ka taɓa nau'o'i marasa iyaka sai ka iya na mutum biyu ba tare da duba littafi ba. Kuma ku haɗu ku uku ko huɗu, kowa ya fito allo ya yi bayani da Hausa. Wanda ya kasa faɗar ma'anar alama da bakinsa, bai gane ta ba tukuna.

Ga aikin wannan makon. Ka koma kwangilar dankali, ka mai da kuɗin mai tsada 25,000, ka lissafa ladan sirrin a buhu 60 da a buhu 40, ka duba ko mai tsada zai so kwaikwayo a kowanne. Ranar Asabar kuma ka bi Baba kasuwa tun kafin motoci su gama sauke kaya. Ka tsaya kusa ka ga kwandon wa yake zura wa hannu har ƙasa, na wa kuma yake sallamawa ba tare da ya taɓa ba, ka tambaye shi dalili, ka rubuta abin da ya ce. Ka gaishe mini da shi.